Jama'ar Goku: Akawu, Alƙali da Sauran Masu Gardama

Abin da masoyan Goku ba sa son a faɗa a gabansu shi ne gwarzon nasu ya sha kaye fiye da yadda suke tunawa. A gasar faɗa ta farko da ya shiga a labarin Dragon Ball, malaminsa Roshi ne ya ɓad da kama, ya zo da sunan Jackie Chun, ya doke shi a zagayen ƙarshe saboda ƙafarsa ta fi ta yaron tsawo. A gasa ta biyu Tenshinhan ya ci, domin suna faɗowa daga sama tare sai Goku ya bugi wata mota ya riga shi taɓa ƙasa. Yayansa Raditz bai mutu ba sai da Goku ya rungume shi ta baya, Piccolo ya huda su duka biyun. Vegeta kuwa taron dangi aka yi masa: Yajirobe ya yanke masa wutsiya, ɗan Goku, Gohan, ya zama ƙaton biri ya danne shi, Krillin ya ɗauko takobi. Freeza ya sha duka a duniyar Namek, amma Trunks ne ya zo daga baya ya sassara shi. A gaban Cell, Goku da bakinsa ya ce ya sallama, har ya jefa wa abokin gabar waken nan mai dawo da ƙarfi, ya tura ɗansa fage. Majin Buu ma ba a gama da shi ba sai da Mista Satan, wanda ba shi da komai sai baki, ya lallashi mutanen duniya suka ɗaga hannu suka ba da gudummawar ƙarfinsu. Gaskiya ne Goku ya kashe tsohon Piccolo shi kaɗai, ya kuma ci gasa ta uku, to amma wannan ba tarihin wanda ba a taɓa kayarwa ba ne. Duk da haka miliyoyin mutane a shirye suke su ɓata da abokansu a kan cewa babu mai iya masa.

Dalilin wannan ba a jikin Goku yake ba, a hannun wanda ya zana shi yake. Akira Toriyama ya fara labarin a mujallar Weekly Shonen Jump a 1984, ya rufe shi a 1995 bayan babi 519 da aka tattara a littattafai 42. Duk mako sai ya miƙa babi, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa ba ya tsara abin da zai zo gaba, yana zane yana ƙirƙira. Ya soma da raha da aron tsohon labarin ƙasar Sin na sarkin birai, ya ƙare da faɗan da ake fasa duniyoyi. Mutum ne mai mantuwa, mai neman sauƙi, mai jin maganar editocinsa. Aikin da aka yi a haka dole ya bar giɓi, kuma kowane irin masoyi da za a gani a ƙasa mutum ne da ya tsaya a bakin wani giɓi ya ce shi zai cike. Mai littafin wasa yake yi, su kuma doka suke nema. Daga wannan saɓani aka samu jama'a iri-iri, kuma ra'ayina shi ne su suka riƙe Goku da rai shekara arba'in, ba ƙarfin damtsensa ba.

Na gaba-gaba a cikinsu shi ne Akawu. Shi ba kallo yake yi ba, lissafi yake ɗauka. Toriyama ne ya jawo shi ranar da ya zana Raditz da wata na'ura maƙale a ido, wadda ke auna ƙarfin mutum da lamba. Manomin da ya fara cin karo da shi ta ba shi 5. Goku da ya tuɓe kayansa masu nauyi ta ba shi 416. Freeza ya yi alfahari da 530,000, ya kuma ce idan ya rikiɗa zai haura miliyan. Daga nan Akawu ya buɗe littafi bai ƙara rufewa ba. Idan ka ce masa faɗan Goku da Vegeta ya yi daɗi, sai ya tambaye ka ko ka san sau nawa dabarar Kaio-ken ta ninka ƙarfinsa a lokacin. Idan jarumi ya yi kuka, shi abin da ya dame shi shi ne hawayen ya ƙara maki nawa. Abin dariyar shi ne a cikin labarin kansa na'urar yaudara ce. Duk wanda ya dogara da ita ya halaka, domin mayaƙan duniyarmu sun iya ɓoye ƙarfinsu, kuma na'urar ta kan fashe a fuskar mai ita idan lambar ta yi yawa. Sojan Freeza ya auna Trunks ya ga 5, wato daidai da manomi, ba a jima ba Trunks ya yanka uban gidansa gunduwa-gunduwa. Bayan wannan Toriyama ya jefar da na'urar gaba ɗaya. Marubuci ya nuna ƙarara cewa lamba ba ta faɗin wanda zai ci, Akawu ya karanta, ya gyaɗa kai, ya koma kan jadawalinsa. Ko lambar da ta fi kowacce suna, wadda Vegeta ya kurma ihu da ita yana murƙushe na'urar a tafin hannu, ba daidai take ba. Masu kallo da Turanci sun haddace cewa ta haura 9,000, alhali a littafin Japan 8,000 ne. Dubu guda ta shigo a ɗakin ɗaukar murya, kuma ita ce duniya ta riƙe.

Akawu yana da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Zai ce ba shi ya ƙirƙiri lambobin ba, kamfanin Shueisha ya buga jerin littattafan bayani mai suna Daizenshuu a 1995 da 1996, a ciki aka rubuta cewa Goku ya kai miliyan 150 lokacin da gashinsa ya fara sauya launi, Freeza kuma miliyan 120. Haka ne. Sai dai wannan hujja tawa ce, ba tasa ba. An buga littattafan ne da labarin ya zo ƙarshe, don a sayar wa mutanen da suka riga suka kamu da cutar lissafi. Kamfani ya ga masu ƙishi ya haƙa rijiya. Kuma ko su lambobin nasu a Namek suka tsaya, duk abin da Akawu ke faɗa game da Cell da Buu da Jiren daga kansa ya fito, ya sa masa sifiri ya jera.

Maƙwabcinsa a wurin zama shi ne Alƙalin Asali, wanda aikinsa raba ɗan halas da ɗan riƙo. A wurinsa abin da Toriyama ya zana da hannunsa shi ne gaskiya, saura duk ƙari ne. Yana da dalili, domin kamfanin Toei da ya mayar da littafin katun yana saurin kamo marubucin, sai ya riƙa jan lokaci. Dragon Ball Z ya kai kashi 291 daga 1989 zuwa 1996, kuma minti biyar ɗin da Freeza ya ce ya rage duniyar Namek ta fashe ya ci kusan kashi goma ana ƙurawa juna ido, duwatsu na tashi sama. Har kashi guda aka yi a kan Goku da Piccolo suna koyon tuƙin mota, abin da babu shi a littafi. Alƙali ya soke wannan, ya soke Dragon Ball GT na 1996 dukansa mai kashi 64, ya soke Broly da ya fito a fim ɗin 1993. Matsalarsa ita ce wanda yake yi wa gadi ba ya zama wuri ɗaya. A 2018 Toriyama ya ɗauko Broly ɗin nan da aka kora, ya sake rubuta shi, ya shigar da shi gida, Alƙali ya wayi gari yana kare wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana zagi. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne labarin Dragon Ball AF. A 1999 wata mujallar wasanni ta Sifen, Hobby Consolas, ta buga zanen wani mai karatu, mayaƙi mai farin gashi har gadon baya. Zanen ya shiga intanet, jita-jita ta bazu cewa sabon shiri ne da ake ɓoyewa a Japan, yara a ƙasashe da dama suka yi shekaru suna jiran abin da babu shi. Wani masoyi ɗan Japan ya ɗauki ƙaryar ya zana mata littafi da sunan Toyble. Wannan mutum shi ne Toyotarou, wanda aka damƙa wa zanen Dragon Ball Super a 2015. Ɗan riƙon da Alƙali ya hana shiga zaure shi ya gaji gidan.

Sai Ɗan Gem, wanda ya fi su yawa, ya fi su kwanciyar hankali. Sau da yawa bai taɓa buɗe littafin ba. Goku a wurinsa jerin maɓallai ne, kuma ya san labarin Raditz da Freeza da Cell ne saboda kusan kowane wasa sai ya sa shi ya maimaita su daga farko, tun daga Budokai na 2002 a PlayStation 2 har zuwa Kakarot na 2020. Zai yi wuya a samu mutumin da ya mutu sau da yawa a tarihin wasan bidiyo kamar Raditz. Tun 1986 Goku ke shiga na'urori, kuma da aka kai ɗaya daga cikin wasannin farko Amurka a 1988 sai aka sa masa suna Dragon Power, aka sauya wa yaron kama, domin a lokacin babu wanda ya san shi a can. Yau kuwa shi ake roƙo ya shigo, kamar yadda aka gani a Fortnite a 2022, inda mutumin da ke fasa duwatsu da tafin hannu ya ɗauki bindiga yana laɓewa a bayan katanga.

'Yan gem ma gida-gida ne. Akwai mai ƙidayar kawuna, wanda darajar wasa a wurinsa ita ce yawan mayaƙan da ke cikinsa. Shi ya sa yake girmama Budokai Tenkaichi 3 na 2007 mai mayaƙa 161, ya kuma yi murna da Sparking Zero na 2024 da ya zo da 182, ko da yake fiye da goma daga ciki Goku ne ya sauya riga ko launin gashi. Akwai na gasa, wanda FighterZ na 2018 ya haifar, wasan da ya fi kowanne yawan masu shiga a gasar Evo ta Las Vegas a shekarar. Shi ba ruwansa da wanda ya fi ƙarfi a labari, abin da ya sani shi ne wane naushi ne ya fi saurin fita. Sannan akwai na waya, mai Dokkan Battle, wanda ke biyan kuɗi don a yi masa canki-canka ko zai dace da sabon hoton Goku, kuma da irin kuɗinsa wasan ya tara biliyoyin daloli tun 2015. Muhimmancin Ɗan Gem ga maganata shi ne yana rusa littafin Akawu kullum ba tare da ya sani ba. Wasa ba ya yiwuwa sai an ba kowa damar ci, don haka a FighterZ Yamcha, wanda aka fi tunawa da shi kwance a rami, yana iya lallasa Beerus mai halaka duniyoyi. A makonnin farko na Sparking Zero, wanda ya addabi mutane a intanet shi ne Yajirobe, ƙaton malalacin nan, domin yana cin wake ya cika jininsa ana tsakiyar faɗa, har sai da kamfanin ya rage masa ƙarfi. Akawu ya ga wannan ya ce saɓo ne. Ni kuwa ina ganin ya fi kusa da ruhin littafin, inda Yajirobe ɗin ne ya ceci kowa da sara guda a wutsiyar Vegeta.

Mai Haɗa Faɗa shi ne ya fi kowa hayaniya. Halinsa irin na wanda ke zaga filin dambe yana kamo hannun wannan ya kai gaban wancan, sai dai nasa 'yan damben ba su taɓa zama a littafi ɗaya ba. Goku da Superman, Goku da Saitama, Goku da Naruto. Shirin Death Battle na intanet ya haɗa shi da Superman a 2013, ya ba Superman nasara, aka yi ta tsine wa masu shirin. Suka sake a 2015, sakamako bai canja ba. Mai Haɗa Faɗa bai taɓa lura cewa tambayarsa ba ta da amsa ba, domin ƙarfin kowane jarumi yana hannun wanda ya riƙe alƙalami a ranar. Ƙanensa kuma shi ne wanda ya yi shekaru yana damun Masahiro Sakurai ya sa Goku a Super Smash Bros., ana gaya masa wasan na waɗanda aka haifa a wasan bidiyo ne, yana cewa ai a yi haƙuri a duba.

Masu gardamar murya ba sa buƙatar dogon bayani, kowa muryar da ya ji yana yaro ita ce ta gaskiya. Ɗan Meziko ya rantse da Mario Castañeda, Ba'amurke da Sean Schemmel, kuma da yawansu sukan firgita ranar da suka ji cewa a Japan mace ce ke yin Goku, Masako Nozawa, haifaffiyar 1936, ita ce kuma ke yin 'ya'yansa Gohan da Goten.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Mai Ƙarar Uba. Shi ya girma, ya yi aure, ya koma kallon abin da ya so yana yaro, sai ya ga wani abu daban. Takardar ƙararsa doguwa ce. Goku ya mutu, maƙiyinsa Piccolo ya ɗauki Gohan yana ɗan shekara huɗu ya raine shi a daji. Bayan Cell, aka nemi dawo da shi duniya ya ce a bar shi a lahira, ya yi shekara bakwai, bai san fuskar ɗansa na biyu ba. A babin ƙarshe ya ɗauki wani yaro, Uub, ya tashi sama da shi don horo, ya bar matarsa Chi-Chi da baki buɗe. Masu kare shi suna cewa ai duniya yake ceto. A nan mai ƙara ya fi su hujja, domin Toriyama ya taɓa bayyana cewa Goku ba don mutane yake faɗa ba, don son karawa da masu ƙarfi ne, kuma bai ji daɗin yadda katun ɗin ya mayar da shi gwarzon adalci ba. Wannan ya warware abin da ya ɗaure wa kowa kai: me ya sa ya saki Vegeta, me ya sa ya ba Cell wake. Mai ƙara ne kaɗai a cikin taron da ya karanta mutumin yadda aka rubuta shi. Kuskurensa ɗaya, yana neman a hukunta zane a kan ciyarwa da tufatarwa.

A gefen kowane zama akwai Ka-San-Cewa, wanda ba ya gardama, jefa magana kawai yake yi. Ka san cewa ranar 9 ga Mayu ranar Goku ce a Japan? Ka san cewa sunayen 'yan asalin ƙabilar Goku duk na kayan lambu ne? Ana raina shi, amma a aljihunsa shaidun wannan shari'a suke. Shi zai gaya maka cewa gashin nan mai ruwan zinariya, wanda yara suka ɗauka alamar wani babban sirri ne, an yi shi ne don mataimakin Toriyama ya huta da cika baƙin gashi da tawada, tunda a shafi baƙi da fari sai a bar wurin fari. Shi zai ce Launch, yarinyar da ke sauya hali idan ta yi atishawa, ta ɓace daga labarin ne saboda marubucin ya manta da ita. Shi zai ba ka labarin yadda aka samu Cell: tsohon editansa Kazuhiko Torishima ya kira ya ce mugaye biyun da ya zana tsoho ne da ƙato, ya zana wasu biyu, aka ce waɗannan yara ne, sai ya ƙirƙiro Cell. Abin da Akawu da Alƙali ke tonawa suna neman hikima a ƙarƙashinsa, sau da yawa gajiya ce da wayar edita.

Mai hankali zai iya cewa na ba masoya girman da ba nasu ba, kuɗin Shueisha da Toei da Bandai Namco ne ke hura wutar, su kuwa masu saye ne kawai. Ba a musun kuɗi, littafin da ya sayar da kwafi miliyan 260 ba a barin sa ya kwanta. Amma da kuɗi kaɗai ke yi, da fim ɗin Dragonball Evolution da Hollywood ta fitar a 2009 ya karɓu. Masoya suka yi masa tofin Allah tsine, har marubucinsa Ben Ramsey ya fito a 2016 ya ba da haƙuri. Kuma daga ƙarshen GT a 1997 zuwa fim ɗin Battle of Gods a 2013, lokacin da babu sabon dogon labari, gardama da wasanni da jita-jitar AF ne suka riƙe sunan. A watan Maris na 2018, da aka zo faɗan Goku da Jiren, hukumomin wasu biranen Meziko irin su Ciudad Juárez ne suka kafa manyan allunan kallo a fili dubban mutane suka taru, Toei kuwa sanarwa ta fitar cewa ba da izininta ba. Kamfani ne ke bin taron a baya yana haki. Gasar da suka taru dominta ma ba Goku ya ci ba, shi da Freeza suka rungumi Jiren suka faɗa waje tare, Lamba 17, ɗaya daga cikin mugayen nan da edita ya ce yara ne, ya rage a fili.

Toriyama ya rasu ranar 1 ga Maris 2024 yana da shekara 68, kuma ana iya zaton gardama za ta lafa tunda mai yanke hukunci ya tafi. Aikinsa na ƙarshe, Dragon Ball Daima, ya fara fita a Oktoban shekarar. A ciki ya mayar da Goku ƙaramin yaro, dabarar da aka yi shekaru ana yi wa GT dariya a kanta, sannan dab da ƙarshe ya ba shi siffar Super Saiyan 4, mai jan gashi a jiki, wadda Alƙali ya daɗe da yanke cewa ba ta cikin asali. Ya kuma ajiye labarin a lokacin da ya gabaci zuwan Beerus, wanda ya kayar da Goku da bugu biyu ba tare da an ga wannan siffa ba. Akawu yana neman lambar da zai ninka, Alƙali yana neman shafin da zai jingina da shi, Ɗan Gem kuma ya riga ya biya kuɗi ya sauke sabon Goku a na'urarsa.